Kwana Uku A Shika: Yadda Baƙuwar Kaza Ke Sanin Akurkinta

 

Yau zancenmu na kaji ne. Kada wata ta ce ƙaramin zance ne, domin kowa ta san kaza ita ce asusun mace. In baƙo ya sauka, ita ce. In yarinya ta zo da takardar kuɗin jarrabawa, ita ce. In Salla ta matso babu ɗinki, ita ce dai. To, akwai wani kuka da na kan ji a bakin mata da yawa. Mace ta ɗauki adashi, ta aika kasuwa a sayo mata kaji, ta share musu akurki, amma magariba na yi sai su ƙi shiga. Wata ta haye katanga, wata ta hau bishiya, wata ta maƙale bayan tukwane, wata kuwa ta tsallaka maƙwabta. Kafin mako ya zagayo muzuru ya rage su. Sai mai kajin ta haƙura, ta ce ita ba ta da hannun kiwo. Alhali kuwa abin da ya ɓace mata wata 'yar dabara ce, wadda matan ƙauye suka sani tun kaka da kakanni. A hutun makaranta na watan Disamba na je na gan ta da idona wajen gwaggona, a wani ƙauye kusa da Shika, shi ne na ce bari in kawo muku labari.

Na fito daga birnin Zariya da hantsi, na bi ta Ƙofar Doka da Tudun Wada, na shiga mota a Kwangila mai bin hanyar Funtuwa. Wadda ba ta taɓa bin wannan hanya ba ta yi ƙoƙari ta bi ta wata rana, don hanya ce ta makarantu. Da fari za ki wuce makarantar koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964, in kin yi sa'a ki ga ƙananan jirage suna shawagi kamar shirwa. Gaba kaɗan sai Samaru. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ga kuma ma'aikatar binciken aikin gona wadda ta girme ta nesa, don tun 1922 a ke aiki a nan, ana fitar da irin dawa da masara da gyaɗa da wake da auduga. Da kin bar Samaru sai ƙasa ta buɗe. An gama girbi, an tattara kara an tsayar a gonaki, shanun Fulani suna kiwo cikin sauran, hazo ya rufe nesa. A fadamu kuwa kore shar, rake da tumatir da barkono. Sai babban asibitin koyarwa na Jami'a, sa'an nan Shika, kamar kilomita 20 daga Zariya.

Shika gari ne da ya daɗe da sanin dabba. Tun 1928 aka kafa gonar kiwon shanu ta gwamnati a nan, a 1976 kuwa ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa baki ɗaya, wadda a ke kira NAPRI. A nan ne malamai suka yi shekaru suna zaɓen iri har suka fito da wata jar kaza mai jure zafin ƙasarmu, suka sa mata suna Shika Brown, aka yi mata rajista a 2000. In ta sami abinci da kulawa ta kan yi ƙwai fiye da 200 a shekara, alhali kazar Hausa da ke tsince-tsince a tsakar gida ba ta cika wuce 40 zuwa 60 ba, don ita sai ta tsaya ta yi kwanci na kwana 21, kana ta yi reno. Amma ni ba cibiyar na nufa ba. Na sauka a bakin titi, na hau babur, muka bi wata 'yar hanya cikin gonaki har ƙofar gidan Gwaggo.

Gida ne irin na da: zaure, sa'an nan tsakar gida mai faɗi, ga darbejiya a tsakiya, ga rumbuna uku an ɗora su bisa duwatsu. Akurkin tsofaffin kajinta yana gindin rumbu na gabas, ginin ƙasa ne mai jinka. Amma can bayan madafa, nesa da wannan, na ga wani sabon akurki, an kewaye gabansa da karan dawa, an rufe saman shingen da tsohon gidan sauro. A ciki ga kaji 6, duk sagaru, watau waɗanda ba su fara ƙwai ba tukuna. Bayan mun gaisa na sha fura, na ce, "Gwaggo, waɗannan kuma wane laifi suka yi aka tsare su?"

Ta yi dariya, ta ce, "Baƙi ne, 'yata. Daga kasuwar Giwa aka kawo mini su, yau kwanansu 13. Ke da ki ke malama, in an kawo miki sabuwar yarinya ranar farko, sai ki sake ta ki ce ta nemi ajinta da kanta? Kaza ba ta san wanda ya biya kuɗinta ba. Inda ta saba kwana, nan ne gidanta."

Wannan magana ta Gwaggo ita ce tushen abin duka, ku riƙe ta. Kazar da aka sayo yau ba ta san akurkinki ɗaki ne ba. In kin sake ta ran nan, duk inda duhu ya same ta nan za ta kwana, gobe kuma can za ta koma, don kaza mai bin sabo ce ƙwarai. Ashe ke nan daren farko shi ne abin tsoro. In ta yi shi a kan darbejiya, to, ta zama 'yar darbejiya, raba ta da ita kuwa sai an sha wuya. Saboda haka a ke tsare baƙuwa a inda a ke so ta riƙa kwana, kwana 3 zuwa 7, har wurin ya zauna mata. Matan da ba su da shinge su kan ɗaure ƙafarta da tsumma mai laushi a jikin turke kusa da bakin akurki, cikin inuwa, da dare su sa ta ciki da hannu. Wannan ma yana yi, amma shinge ya fi, don igiya ta kan ci ƙafa, kuma ɗaurarriyar kaza ba ta iya guje wa shaho. Sai dai a lura, tsarewa ba rufewa ba ce. Kada a toshe kaji cikin ƙaramin akurki da rana tsaka babu iska babu ruwa, zafi zai kashe su tun muzuru bai zo ba. Gwaggo ta ajiye musu kasko biyu cikin shingen, ɗaya na ruwa ɗaya na dusa da tsaki, ta kan watsa musu ganye kuma.

Na ce, "To, Gwaggo, in kwana 7 ya isa, me ya kai ki har mako biyu?" Ta ce na farkon don su san ɗaki ne, na biyun don tsofaffin kajinta ne. Nan ma gaskiyarta. Kasuwa matattarar cuta ce, kaji daga garuruwa dabam-dabam a kwando ɗaya. Akwai annobar nan da ke share kajin unguwa, tun ba lokacin hunturu ba, wadda za ki ga kaza tana gyangyaɗi, tana numfashi da ƙyar, tana koren zawo, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926. Kaza ta kan ɗauke ta ta yi kwana 2 har zuwa 15 kafin ta nuna, watau tana iya zuwa gidanki garau alhali tana tafe da ita. Ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin maganin rigakafinta, har da wani iri mai jure zafi da a ke ɗiga wa kaza a ido, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Ku tambayi malamin dabbobi na yankinku. Ga shi kuwa an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: tsarewar da ta koya wa baƙuwa ɗaki, ita ce ta kare 'yan gida.

Ran nan da yamma na zauna bisa turmi ina kallo. A wannan wata rana ta kan faɗi da ƙarfe 6 da 'yan mintoci. Tun kafin ladan ya kira magariba sai na ga tsofaffin kajin sun daina tono, sun taru gindin rumbu, suna shiga ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya kore su. Dalili kuwa, kaza tana da dundumi. Da rana tana gani sarai, amma duhu na yi ba ta ganin ko tsabar da ke gabanta. Don haka ta kan nemi makwanci tun da sauran haske. Son hawa sama kuma gado ne. Asalin kaza wata tsuntsuwar daji ce ta ƙasashen kudancin Asiya, wajen Indiya da Tailan, wadda har yanzu tana can tana kwana bisa itatuwa don tsoron namun dawa. Kazar da ta hau katangarki abin da jininta ya gaya mata ta yi. In kina so ta bar katanga, ki ba ta abin hawa a cikin ɗaki. Gwaggo ta gitta sanda mai kaurin taɓarya cikin kowane akurki, kamar kamu ɗaya daga ƙasa. Kowace kaza tana bukatar wajen taƙi guda a kan sandar, watau santimita 20 zuwa 25.

Kashegari ne ranar saki. Na zaci da sassafe za a buɗe musu, amma Gwaggo ta bari sai da aka yi la'asar sakaliya. Ta ce in ka saki baƙo da safe yana da yini guda na yin nisa, in kuwa saura sa'a ɗaya duhu ya yi, ba zai wuce inda ya ke hango ƙofa ba. Ta kuma rage musu abincin rana. Suka fito suna ɗari-ɗari, suna miƙa wuya, suka ɗan yi tono gindin shinge. Da rana ta yi ja, sai ta ɗebo dawa cikin ƙwarya, ta tsaya bakin sabon akurkin tana ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsa. Tun ranar da aka kawo su haka ta ke yi duk lokacin da za ta ba su tsaba, har sun san wannan ƙara. Kai, sai ga su a guje! Ta watsa kaɗan a bakin ƙofa, ta watsa sauran a ciki. Suka ci, suka yi ta leƙe, babbarsu ta shiga ta haye sanda, saura suka bi.

Sai ɗaya, ƙaramar cikinsu, mai wake-wake. Ta zo ƙofa sau biyu tana komawa, daga nan ta tashi fir ta sauka kan jinkar rumbu. Yaran gidan suka zabura za su bi ta da kara, Gwaggo ta daka musu tsawa. Ta ce kazar da aka kora zuwa akurki, akurkin za ta tsana. Muka bar ta, muka yi salla, muka ci tuwo. Bayan lisha, duhu ya kama sosai, Gwaggo ta taka turmi, ta sa hannu biyu ta dafe fukafukanta, ta sauko da ita ko motsi ba ta yi ba. Ta kai ta ta ɗora bisa sanda, ta rufe ƙofa da allo, ta tokare da dutse. Ta ce haka ta yi musu su duka a dare 3 na farko, lokacin da su ke cunkushewa a lungun shinge. Kaza a duhu kamar tulu ta ke, inda ka ajiye ta nan za ta wayi gari, inda ta wayi gari sau 3 ko 4 kuwa nan za ta riƙa komawa.

Amma Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ta ce kazar da ta kwana 14 a ɗaki, sa'an nan ta sami sarari ta guje shi, akwai abin da ke korarta. Ta haska tocila ciki, sai ga bayan kan 'yar wake-waken duk an tsige. Ashe babbar ce ke saranta in sun hau sanda. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, babba ta kan zaɓi wuri mai kyau, ta sari wadda ta matse ta. Da safe Gwaggo ta sa aka gitta sanda ta biyu a ɗaya gefen, tsayinsu ɗaya. A dare na uku 'yar wake-waken ta yi ta jinkiri har cikin akurkin ya yi duhu, ga waje da sauran haske. Wannan ma wani abu ne da ya kamata ku sani: cikin ɗaki ya kan riga waje yin duhu, mai dundumi kuwa ba ta shiga ramin da ba ta ganin ƙarshensa. Gwaggo ta kunna tocila ta ajiye a ciki. Ba a jima ba ta leƙa, ta shiga, ta haye sabuwar sanda. Aka ɗauke tocila, aka rufe. Amma don Allah kada wata ta sa fitilar kananzir ko aci-balbal cikin akurki mai jinka, garin neman kaza a rasa rumbu.

A rana ta uku da hantsi wata maƙwabciya ta shigo da nata kukan. Nata kajin ba baƙi ba ne, shekara guda suna kwana a akurki, sai kwanan nan suka ƙaurace masa suka koma kan mangwaro, har an ɗauke mata biyu. Muka je muka duba. Ginin duk ya tsattsage, kashi ya taru, wari ya cika shi. Gwaggo ta goga farin tsumma a ƙarƙashin sandar kwana, sai ga jan zane-zane kamar jini. Jinin kajin ne kuwa. Akwai ƙuma da wata irin kaska ta kaji da ke ɓuya cikin tsagar bango da rana, da dare su fito su sha jini su koma. In kin duba jikin kaza da rana ba lalle ki gan su ba, sai ki ce ƙalau ta ke. Wa zai koma ɗakin da a ke cizonsa har asuba? Magani shi ne a kwashe kashin a kai gona, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a sake sanda, a yaɓe duk tsagar da ke bango, a shafe da farar ƙasa. A tara wa kaji toka da rairayi a busasshen wuri su riƙa birgima. In abin ya yi yawa a nemi magani wajen malamin dabbobi. Kada a fesa musu maganin ƙwarin gona, guba ne gare su da mai cin ƙwansu. Ban da ƙwari, a duba ko maciji ko gafiya ko tunku ya sami kafa, don kaji ba su manta wurin da aka firgita su. A kuma bar 'yan ƙananan tagogi can sama don iska, a toshe su da waya.

Sauran magana ɗaya, game da kajin inji. Yanzu mata da yawa suna sayen 'yan tsakin gidan gona, irin su Noiler da Shika Brown, bayan sun yi mako 4 ko 5 a wajen masu reno. Ɗan tsakon Hausa uwarsa ce ke jansa zuwa akurki kowace magariba har ya haddace hanya. Waɗannan kuwa inji ya ƙyanƙyashe su, sun tashi ƙarƙashin fitila, ba su taɓa ganin magariba a tsakar gida ba. Za ki ga duhu ya yi sun taru a lungu suna kuka, suna hawan juna har na ƙasa ya mutu. Ke ce uwarsu, sai ki yi haƙuri ki kwashe su da hannu kowane dare har su gane, ko da zai kai mako. Sandarsu kuma a yi ta ƙasa-ƙasa, don sun fi kajin Hausa nauyi, tsalle daga sama ya kan ji musu a ƙafa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Yadda a ke kiran suna a aji kowace safiya, haka za ku riƙa ƙidaya kajin gidanku kowace magariba. Ki sami bayan tsohon littafinki, ki ja layi, ki rubuta kwanan wata da yawan waɗanda suka shiga. In 9 ne jiya yau 8, a nemi ɗayar tun ba a kwanta ba. Ki tabbata an rufe ƙofa an tokare, don akurkin da ba a rufe ba tarko ne, an tara wa muzuru abinci wuri ɗaya. Da asuba kuma a buɗe da wuri. Mun san dai an ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne. Amma ba a hana mu rufe ƙofa ba, kuma kazar da ta kwana a ɗaki ita ce za ta yi miki ƙwai a inda za ki same shi, maimakon cikin ciyawar bayan gida.

Wadda ta gwada wannan dabara ta rubuto mana yadda ta kaya, wadda kuma ta san wata da ta fi ta, kada ta yi mana rowa. Allah ya sa albarka cikin abin da mu ke kiwo, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.